Benaye Na Tashi A Lekki, Mai Gadi Na Kwana A Kango

Duk wanda ya daɗe bai bi hanyar da ta tashi daga Ikko ta nufi Epe ba, in ya bi ta yanzu lalle sai ya riƙe baki. Wuraren da a shekarun 1980 ba kowa cikinsu sai masunta da itatuwan kwakwa da fadama, yau sun zama gari sosai. Daga Lekki zuwa Ajah, daga Ajah zuwa Sangotedo da Awoyaya har Ibeju, ido ba ya ganin kome sai katanga bayan katanga, kowace da ƙofarta ta ƙarfe da sunanta na Turanci. Bayan katangun kuwa benaye ne, waɗansu an gama an tare, waɗansu ana shafa musu fenti, waɗansu ko rufi ba a kai ba. A bakin kowace ƙofa an kafa allo mai hoton yadda wurin zai zama in an gama, da lambar wayar dillali a ƙasa.

Irin ginin da ya fi yawa shi ne bene guda mai hawa uku ko huɗu ko fiye, an raba shi sassa-sassa, kowane sashe da falonsa da ɗakunan kwana da madafa da makewayi, kowane kuma da mai shi. Mutum ya sayi sashensa ya zama nasa halak malak, amma matakala da rufi da tsakar gida da rijiya da injin wuta na kowa da kowa ne, kuma kowa yana biyan kuɗin hidima duk shekara domin a kula da su. Yawanci tun gida yana kan takarda ake sayar da shi. Mai saye ya ba da kafin alƙalami, sa'an nan ya riƙa biya kashi-kashi, kamfani kuma yana aiko masa da hotuna: yau an gama cike fadama da yashi, gobe an kafa ginshiƙai, jibi an zuba kankaren hawa na biyu.

Aikin ba ƙarami ba ne. Ƙasar Lekki yashi ce da laka, ba ta ɗaukar nauyi sai an nutsa ginshiƙan kankare can ƙasa, ko an shimfiɗa harsashi mai faɗi kamar faifai. Ruwan rijiyar wurin kuma sau da yawa jawur yake fitowa, ko da ɗanɗanon gishiri, ba ya shayuwa sai an tace. Saboda haka kowane rukunin gidaje ya zama ƙaramar gwamnati mai zaman kanta. Yana da rijiyar burtsatse da injin tace ruwa, da janareta da farantan wutar rana, da tituna na shimfiɗaɗɗen bulo da fitilu, da filin wasan yara, da wurin ninkaya, da ɗakin motsa jiki, da kyamarorin tsaro. A waɗansu wuraren baƙo ba ya shiga sai mai gida ya aiko masa da lamba ta waya ya nuna a ƙofa.

Ba mai hankalin da zai ƙi wannan ci gaba. Gari mai cika irin Ikko yana bukatar gidaje. 

A watan Janairu 2023 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki, a watan Mayu na wannan shekara kuma aka ƙaddamar da matatar mai ta Ɗangote a Ibeju, to tun daga nan ma'aikata suke ta kwararowa wannan yanki, kowa kuwa sai ya sami wurin sa haƙarƙarinsa. Gini yana samar da aiki, aiki yana kawo abinci, kuma dubban gidaje a Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Borno suna ɗora tukunya da kuɗin da ke fitowa daga waɗannan katangu. Amma duk wanda ya ɗauki taswirar ɗaya daga cikin rukunan nan ya duba da kyau zai ga an tanadi wurin mota, an tanadi wurin janareta, an tanadi wurin shara, har da wurin kare a waɗansu, amma ba a tanadi wurin kwanan mutumin da ya ɗauki kankaren a ka ba, balle wanda zai tsare ƙofar bayan an gama.

SU WA KE AIKIN?

Gaskiya ita ce kowace ƙabila tana da hannu a ginin Lekki. Akwai birkiloli da kafintoci Yarbawa, akwai Inyamurai masu sayar da rodi da kayan wuta, akwai mutanen Kwatano da Togo da suka yi suna wajen shimfiɗa tayil da ƙawata silin. Amma in aka zo ga aikin ƙarfi, watau haƙar harsashi da lambatu, da sauke siminti daga mota, da ɗaukar kwanon kankare a hau da shi bene, da haƙar rijiya, nan za a tarar da 'yan Arewa da 'yan'uwansu na Jamhuriyar Nijar sun yi yawa. In kuwa gini ya ƙare, su ne masu gadi, su ne masu ban ruwan fulawa, su ne 'yan ga-ruwa masu tura kura ranar da injin ya lalace, su ne masu shayi da tsire da kayan miya a bakin ƙofa, su ne 'yan bola-jari masu kwashe abin da aka zubar.

Ina waɗannan bayin Allah suke kwana? Mai gadi in ya yi sa'a yana da ɗan akurki a gefen ƙofa, wanda aka gina domin zama, ba domin kwanciya ba, sau da yawa babu taga babu makewayi. Cikinsa zai kwana, ya yi girki, ya yi salla, wani lokaci da ƙannensa biyu ko uku da suka zo nema. Lebura kuwa kango ne gidansa. Ya shimfiɗa kwali a kan sumunti a benen da yake ginawa, ya toshe taga da buhu, sauro na fadama ya yi ta cinsa. Ranar da aka sa ƙofofi aka kawo masu fenti, ranar zai naɗe tabarmarsa ya nemi wani kango a gaba. Da hannunsa yake gina abin da zai kore shi, kuma kowane ci gaba da kamfani ke tallatawa a hoto, a wurinsa sanarwar tashi ce.

Waɗanda suka gaji da yawon kango sukan haɗu su kafa bacoci na katako da leda a wani fili da ba a fara aiki ba, su riƙa biyan wani da ya ce shi ne mai wurin. Ba takarda, ba rasit. Ana nan sai wata asuba a ji ƙarar katafila. Kafin azahar an share wurin, kafin wata ya zagayo an kafa sabon allo mai hoton wurin ninkaya.

Hatsarin aikin ma ba a raba shi daidai. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya rufta, mutane fiye da 40 suka rasu, da yawansu ma'aikata ne da suka fito neman abincin yini. Gidaje ne na alfarma da aka yi niyyar sayar wa masu hannu da shuni. Lebura ɗan ci-rani da ba a rubuta sunansa a littafin kowa ba, in irin wannan ta faɗa masa, sai dai iyalinsa a ƙauye su ji waya ta daina shiga.

ABIN DA AKA TAƁA YI

Kada wani ya ce haka Ikko take tun fil azal, domin an taɓa gina gidaje a garin nan da talaka a rai. Lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, Gwamnatin Tarayya ta gina Unguwar Festac a kan hanyar Badagiri, mai gidaje kimanin 5,000 da manyan tituna bakwai, domin saukar baƙi. Da aka watse sai aka raba gidajen ta hanyar jefa ƙuri'a, ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan suka samu. Unguwar ta zo da magudanan ruwa da filayen wasa da wuraren da aka keɓe wa makarantu da kasuwanni.

Daga 1979 zuwa 1983 Gwamna Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu rahusa a Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan da Oke-Afa da Iba da sauran wurare, benaye ne marasa ado, amma har yau mutane na cikinsu, waɗansu ma jikokin waɗanda suka fara tarewa ne. A daidai wannan lokaci gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ɗauki alkawarin gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Ba a cim ma wannan adadi ba, an kuma yi ta ja-in-ja da waɗansu gwamnatocin jihohi a kan fili, har aka kai waɗansu gidajen bayan gari inda babu ruwa babu hanya. Duk da haka jam'iyyun wancan zamani, ko da yake ba sa ga-maciji, sun yarda da abu guda, cewa muhallin talaka aikin gwamnati ne, kuma a kansa suke gasa.

Akwai kuma darasi na biyu a cikin waɗannan unguwanni. Festac da aka yi alfahari da ita, da shekaru suka tura sai magudanai suka toshe, tituna suka farfashe, filayen da aka bari domin shan iska aka yanka aka gine. Rukunin gidaje 1,004 da aka buɗe a Victoria Island a 1979 domin 'yan majalisun tarayya, bayan an mayar da babban birni Abuja a 1991 sai ya koma hannun ma'aikatan gwamnati, ya yi ta lalacewa, har aka sayar wa kamfani a shekarun 2000 aka gyara, ya zama sai mai kuɗi. Watau gina gida abu ne guda, riƙe shi wani abu ne dabam. Kayan da ke na kowa da kowa, in ba a sa wanda zai kula da su da asusun da za a kula da su ba, sukan zama ba na kowa ba. Masu sayen sassa a Lekki ma sun fara ɗanɗana wannan, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, aka kuma ƙara kuɗin wutar lantarki a watan Afrilu 2024, kuɗin hidima ya yi tsalle, kuma ba kowane wurin ninkaya da aka gani a allo ne ke da ruwa a ciki ba.

Darasi na uku shi ne mafi ɗaci. A watan Yuli 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas, ƙarƙashin Raji Rasaki, ta ba mazauna Maroko wa'adin kwana bakwai, sa'an nan ta rushe unguwar baki ɗaya. An ƙiyasta mutane 300,000 suka rasa matsuguni. Filin Maroko yau yana cikin mafi tsada a ƙasar nan, benaye ne a kai. Haka aka yi wa masuntan Otodo Gbame a gaɓar ruwan Lekki a 2016 da 2017. In an yi wa 'yan ƙasa da suka gaji wurin kaka da kakanni haka, me ake tsammani za a yi wa baƙo mai baca a filin da ba shi da ko rasit? In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali shafa wa nasa ruwa yake yi.

KAKANNI BA HAKA SUKA ZAUNA BA

Bahaushe ba baƙon Kurmi ba ne na jiya. Fatake sun san hanyar tun kafin jirgin ƙasa, da dogo ya haɗa Ikko da Kano kuwa sai cinikin goro da na shanu ya bunƙasa. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun. Zangon Agege ya girma a gefen tashar jirgi, Sabon Shagamu ya girma a kan goro. Abin lura shi ne waɗannan unguwanni a kan gidaje suka tsayu. Maigida shi ne mai gidajen saukar baƙi: bafatake ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashi. Mutuncin maigida da ƙarfinsa a kasuwa daga yawan ɗakunansa suke. Masallaci da makarantar allo da fadar Sarkin Hausawa duk a kan wannan harsashi suka zauna. Shi ya sa bayan shekara ɗari, da duk rigingimun da aka sha, Sabo tana nan, Agege tana nan.

Mutanen da suka yi wannan ba su da boko, ba su da banki, amma sun gane cewa zanen aro ba ya rufe katara. Abin mamaki shi ne jikokinsu na wannan zamani, waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba, sun yarda su shekara ashirin a akurkin gadi. Garin ya miƙe gabas har ya kusa Epe, amma ba a kafa wata Sabo a wannan sabuwar Ikko ba.

HUJJOJIN MASU JA

Wani zai ce Ikko wurin nema ne, gida yana Arewa, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Magana ce mai nauyi, kuma ba wanda zai hana mutum ya gina ɗaki a mahaifarsa. Ɗan ci-rani na gaskiya, mai zuwa bayan girbi ya koma da faɗuwar ruwa, ba shi da bukatar sayen fili a Kurmi, abin da yake bukata masauki ne mai tsabta. Amma mutum nawa ne suka zo da niyyar rani guda, ga shi yanzu furfura ta fito musu a nan? 'Ya'yansu a Agege da Idi-Araba da Obalende aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa. Mutum ya rufe gida a ƙauye wata goma sha ɗaya gara tana ci, shi kuwa yana nan yana biyan hayar shekara tun kafin ya shiga, da la'adar dillali da kuɗin yarjejeniya a kai. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, amma kowa ya san mai neman ɗaki ba ya jayayya da mai gida.

Wani kuma zai ce tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Ba a manta da Idi-Araba a 2002 ba, ko Mile 12 a 2016, ko kasuwar Shasha ta Badun a 2021. Wanda ya ga an ƙone rumfarsa ba za a zarge shi ba in ya ce ba zai binne dukiyarsa a ƙasar wani ba. Sai dai a duba a gani: in wuta ta lafa, wa ke da abin da zai kai gaban alƙali, mai takardar fili ko mai baca? Wa ake kira teburin sulhu, mai gida a unguwa ko mai kwana a kango? Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so cikin ƙasar, sashe na 43 kuma ya ba shi 'yancin mallakar fili da gida a ko'ina. Inyamurai sun riƙe wannan 'yanci da hannu biyu a Kano da Kaduna da Ikko, ba kuwa don ba su taɓa ganin tashin hankali ba.

Su kuma mazauna rukunan gidajen za su ce ba sa son tarin baƙin fuska a kusa da su, saboda ɓarayi. To, wanne ya fi hatsari, ma'aikaci da aka san sunansa da ɗakinsa da wanda ya tsaya masa, ko kuwa mutum hamsin da ba a san ko su wane ne ba a kangon da ke bayan katanga? Mai gadin da ya kwana a zaune sauro na cizonsa, ba a yi masa adalci ba in an ce ya tsare dukiyar miliyoyi ido biyu. Hana acaba da aka yi a ƙananan hukumomi shida tun daga 1 ga Yuni 2022, har da Eti-Osa inda Lekki take, ya raba samari da yawa da sana'arsu, amma bai mayar da su gida ba. Suna nan, kuma duk gari mai hankali gara ya san inda mutanensa ke kwana.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a ƙasa a wannan shekara Naira 70,000 ne, masu gadi da yawa kuwa ko wannan ba sa samu. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi a zuba, mai takardar albashi ya fi amfana. Lalle mai gadi shi kaɗai ba zai sayi ko taga a Lekki ba. Amma hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA YA KAMATA

Na farko yana wuyan gwamnatocin jihohin Kudu, musamman ta Legas. Ba a fara gini sai hukumar tsara gari ta sa hannu a taswira. To, yadda take tilasta wa kamfani ya bar wurin ajiye motoci da tazara daga titi, haka ya kamata ta tilasta wa duk rukunin da ya kai wani girma ya gina ɗakunan ma'aikata masu taga da makewayi da famfo, ya kuma yi wa leburori masauki na wucin gadi muddin ana aiki, da littafin da za a rubuta sunan kowa da garinsu da lambar ɗan'uwansa. Kuɗin wannan bai kai na wurin ninkaya guda ba. Har ila yau, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, yana da ikon keɓe fili mai cikakkiyar takarda domin ƙungiyoyin ƙananan masu sana'a, na kowace ƙabila, a wuraren da mota ko jirgi ke kaiwa. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana bi ta Agege, ya nuna cewa mutum na iya zama a gefen gari ya yi aiki a tsakiya.

Na biyu yana wuyan 'yan Arewa da kansu, kuma shi ne mafi muhimmanci, domin ba ya jiran sa hannun kowa. Babu kasuwar shanu ko ta gwari ko layin 'yan canji da ba a yin adashi. Kuɗin da ke zagayawa a Mile 12 da mayankar Oko-Oba a mako guda ba kaɗan ba ne. Abin da ya rage shi ne a mayar da adashi ƙungiyar gama kai mai rajista da asusun banki da littafi, mutum hamsin ko ɗari su sayi fili guda, su gina irin benen nan mai sassa-sassa, amma daidai aljihunsu: ɗaki da falo, rijiya guda, masallaci da makaranta a ƙasa, shaguna a gaba waɗanda hayarsu za ta riƙa biyan gyara, da zauren baƙi domin 'yan ci-rani, kamar yadda masu gidajen Sabo suka yi. Dabarar da attajiran Lekki ke amfani da ita, ta raba tsadar fili tsakanin mutane da yawa ta hanyar hawa sama, ta fi dacewa da talaka a kan mai kuɗi. Masu gudun kuɗin ruwa kuma ba su da sauran uzuri, domin tun 2012 akwai bankin da ke aiki bisa tsarin Musulunci a ƙasar nan, kuma waɗansu sun biyo baya.

Sai dai a yi hattara, domin cinikin fili a Ikko rami ne mai zurfi. Fili guda akan sayar wa mutum uku. 'Yan tashar da ake kira omo onile sukan zo su karɓi kuɗi ranar harsashi, su dawo ranar rufi, ko da yake dokar jiha ta 2016 ta haramta wannan. Kada ƙungiya ta ba da ko kwabo sai ta ɗauki lauya, an je ofishin filaye na Alausa an bincika ko filin yana cikin wanda gwamnati ta riƙe, an kawo safiyo ya auna, an kuma nemi amincewar gwamna a kan cinikin. Shaidar baki da rantsuwa da “wane ya san wane” suna da daraja a kasuwar goro, amma ba sa tsayar da katafila. A rubuta rabon kowa da sunansa, domin ranar rabon gado kada marayu su rasa. A kuma buɗe asusun gyara tun ranar da aka tare, kada abin da ya sami Festac ya maimaita kansa.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni su ne ya kamata su ja gaba. Sarautar da ta tsaya ga belin yara daga ofishin 'yan sanda da rakiyar 'yan siyasa ba ta cika aikinta ba. Attajiran Arewa masu gidaje a Ikoyi da Victoria Island su ma su tuna cewa wanda ke buɗe musu ƙofa ɗan garinsu ne, kuma fili guda da za su bayar wakafi zai fi buhunan shinkafar azumi daɗewa.

Na ƙarshe shi ne ƙuri'a. Wanda ke zaune a Ajah amma katin zaɓensa na ƙauye ne, kansilan Ajah ba shi da abin da zai nema a wurinsa. Doka ta yarda mutum ya mayar da rajistarsa inda yake zaune. Duk ɗan takarar da ya zo zango neman goyon baya, kafin a karɓi atamfa da sabulu, a tambaye shi fili nawa zai keɓe, a ina, kuma yaushe za a ga takarda.

Benayen Lekki za su ci gaba da tashi, da yardar mai gadi ko ba da yardarsa ba, kuma fili a Epe da Ikorodu da Badagiri ba zai jira kowa ba, yadda na Ajah bai jira ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya ba masu nema haɗin kai, Ya sa kowa ya kwana a inuwar da ba za a tashe shi da asuba ba. Amin.